Yadda Muka Dawo da Mato Gida

Ku matso nan, ku ajiye wayoyin. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce, sai dai ni bakin tatsuniya gare ni, da shi na iya ba da labari. Jiya ina ɗaki na ji ku a tsakar gida, ku masu kamfanin fim da zane mai motsi, kuna dariya wai Kaka ma ta taɓa riƙe kamfani, kamfanin hayaƙi da ƙaya. Har wani a cikinku ya ce ai wannan ko yaro ya samu gilashi zai yi. Ban fito ba. Yau dai zan faɗi yadda ake yi, wanda ya ga da sauƙi sai ya nemi gilashi.

A wancan zamanin, Turawa ba su tafi ba, amma ana ta zancen tafiyarsu. Gyaɗi-Gyaɗin nan da kuka sani, mai shaguna da ƙarar adaidaita sahu, gonaki ce da 'yan gidaje jefi-jefi. In damina ta yi kyau, daga ƙofar gidan kawuna dawa ce har Tarauni, mutum ya shiga da jakinsa ba ka ƙara ganin ko kunnen jakin. Ni ina zawarci a gidan, mijina na fari ya rasu, ina taya matar kawu tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa. Motar majigi ta gwamnati takan zo fili wani lokaci. Maza su tafi, yara su tafi, matan aure su zauna a gida su jira labari a bakin yara. Su kuwa yara rabinsa suke kawowa, rabin ma a birkice. Wannan gurbin muka shiga. Majigin da ke yin sallama a zaure ya wuce har tsakar gida, namu ne.

Wadda ta koya mini sunanta Mama Agines. Kirista ce daga kudu, tana zaune a Sabon Gari, tana zuwa wurinmu sarin man gyaɗa. Mijinta malamin makaranta ne, ya rasu ya bar mata akwatin nuna hoto. Wata rana ta tarar da ni ina zana kaza da tsinke a gindin tukunya, a kan baƙin hayaƙi, ina jiran ƙuli ya soyu. Ta daɗe a tsaye tana kallo.

Ta ce, "Asabe, wa ya koya miki?"

Na ce, "Mama, zaman jira ne ya koya mini."

Ta ce, "Kazarki ta fi ta mijina kama da kaza. Tasa kullum kamar agwagwa mai ciwon wuya."

Ta nemi izinin kawu. Daga nan in na ɗaukar mata garwar mai zuwa gida, sai in yini a wurinta. Rani guda cur ba ta bar ni na taɓa akwatin ba. Gilashi kawai nake turarawa.

Akwatin na ƙarfe ne, baƙi, girmansa kamar garwar kananzir a kwance, da ɗan bututun hayaƙi a sama. A ciki akwai fitila mai lagwani biyu. A gaba akwai wani gilashi mai kauri, mai tudu, muna ce masa ido. In ka tura shi ko ka jawo shi, hoto ya fito tsaf ko ya dushe. Tsakanin fitila da ido akwai wata kafa siririya, nan ake zura gilasan zane, biyu suke shiga, ɗaya a bayan ɗaya. Iyakar injinmu ke nan. Sai alawayyo fari da ake ratayawa a bango, sai turmi da za a kife a ɗora akwati.

Turara gilashi kuwa, ba kowane hayaƙi ne ke yi ba. Na itace toka ne, ba ya zama. Na kananzir yana yin kauri ya dinga ɓarewa. Na man gyaɗa a fitilar aci-bal-bal shi ne mai laushi. Ka riƙe gilashi a saman harshen wuta kana juya shi. In ka kusanta ya tsage a hannunka, in ka nisanta ya yi ruwan toka, haske ya ratsa. Sai ya yi baƙi ƙirin ko'ina daidai. Sannan ka kau da hancinka, don numfashi ma ɓata shi yake yi. Ƙayar aduwa ita ce ta layi siriri. Tsinken tsintsiya na mai kauri. Gashin zabo na gajimare da hayaƙin jirgi. Duk inda ƙaya ta bi, nan haske zai bi, kuma ba a gyara. In hannu ya goce a wutsiyar jaki, jakin ya tafi, da mai jakin, da itacen da suke tsaye a gindinsa. A wanke, a sake turarawa. Ku kuna da abin da kuke dannawa aiki ya koma baya. Mu ruwa ne abin dannawarmu. In an gama lafiya, a fesa ruwan ƙaro daga nesa, a jingine a inuwa ya sha iska.

Motsi kuma ga yadda yake. Gilashin baya shi ke ɗauke da hanya da itatuwa. Na gaba shi ke ɗauke da mutum. Hannun hagu yana jan hanya a hankali, hannun dama yana ɗan rausaya mutumin, sai ka ga yana tafiya. In ka yi sauri ya zama wanda kare ya biyo. In ka yi sanyi mata su fara hirarsu. Kuma duk wannan da akwati yana ƙona maka yatsu, kana sauraron lagwani, kana sauraron mai murya.

Aikina na fari ba tare da Mama ba a gidan wani mai sayar da fata ne a Daurawa, ana suna. Gwiwoyin Mama sun fara damunta, ta ce in tafi da Laraba. Laraba ƙanwata ce, 'yar kawu, ita ma aurenta ya mutu ta dawo gida. Ita ke yin muryoyi, ta namiji, ta tsohuwa, har ta jaki. Tana kaɗa ƙwarya a kife a ruwa, ƙarar jirgi kuwa tsintsiya take gogawa a bayan tasa. To, Mama ta faɗa mini ta sake faɗa cewa gilashi a kife ake zura shi, kai a ƙasa, don ido juya hoto yake yi. Da na ga tsakar gida ta cika da mata, sai hannuna ya zura shi a miƙe. Ga mace ta fito a alawayyo tana daka, turmi a sama, ita a tsaye da ka.

Wata tsohuwa ta ce, "Wannan wace ƙasa ce, da ake daka ƙafa a sama?"

Laraba ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙasar surukai ce, Iya. Can komai ka yi a juye yake. Bari mu dawo da ita gidansu ku ga yadda take."

Gida ya ɗauki dariya, ni kuma na zare gilashi na juya shi. Tun ranar na san bakin Laraba rabin sana'ar ne, kuma da aka zo rabo rabi nake ba ta, bayan an cire na Mama.

Riƙe sana'a ba zane kaɗai ba ne. Sai ka san inda kananzir zai fito. Sai ka wanke alawayyo, don ɗigon miya ɗaya zai zauna a goshin kowa da ka nuna. Gilashi wurin wani kafinta nake samu, mai gyaran tagogi a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, yana yanka mini ɓaraguzan daidai kafar akwati. Dillalai mata su ke kai labarinmu gida-gida, su kawo mana kira. Abin da ake ba mu kuwa, hatsi ne, da ƙwai, da kwabo, wani lokaci tuwon biki. Sannan ga zaure. Kowane gida sai ka tsaya a zaure ka durƙusa, maigida ya yarda kafin ka shiga.

Akwai wani malami a Tarauni da ya sa aka kawo masa gilashi ɗaya zaure. Ya ɗaga shi sama ya duba, ya ce, "Wannan ai sura ce."

Na ce, "Allah gafarta Malam, hayaƙi ne. Gobe zan wanke."

Ya ƙara juya shi a hannu. Can ya ce, "To, kada ki yi musu ido. Abin da ba shi da ido inuwa ne, inuwa kuwa kowa yana da ita."

Maganar ta bi gidaje ta zama doka. Daga ranar mutanenmu ba su ƙara kallon kowa ba. Ko dai a gefe suke, ko sun ba da baya, namiji da malfa, mace da gyale.

Mato kuwa Mama ce ta zana shi, tun hannunta bai fara rawa ba. Mutum ne matsakaici, da malfa, da sanda a kafaɗa, da burgami a rataye, kafaɗarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Labarinsa shi ne, sansa, wato bijiminsa, ya bi shanun fatake ya shiga taragon jirgin ƙasa, jirgi ya tashi da shi, shi kuma ya bi sawu. Ba a zama ɗaya muke ba da labarin ba. Duk zuwanmu gida sai mu ɗora daga inda muka tsaya, mu kuma tsaya a inda ya fi wuya. Yau mu bar shi a tsakiyar kogi ruwa ya kai masa ƙirji. Wani zuwan mu bar shi a ƙofar garin da ba a jin Hausa, ga yunwa. In mata sun haɗu a biki musun Mato suke yi, wasu na cewa ya haƙura da san nan, wasu na cewa ai ba a barin dukiya. Sauran gilasai ana wanke su a sake zane, nasa ba a taɓa shi. Na gwada kwaikwayarsa a wani gilashi don ajiya, mata na gani suka ce, "Wannan ƙaninsa ne, ina shi?"

Mama ta kafa mini doka a kansa. Ta ce, "Ki kai shi duk inda kike so, amma kada ki dawo da shi gida. Ranar da ya shiga gida, ke ma ki naɗe alawayyonki."

Ana nan, ana nan. Akwai wani gida a Tarauni, kusa da wata babbar tsamiya, da muka fi zuwa. Mahaifiyar maigidan sunanta Inna Dije. Ɗanta na biyu, Sule, yana cikin waɗanda aka ɗiba soja lokacin yaƙi aka haye teku da su. Abokan tafiyarsa sun dawo da manyan takalma da labarai, shi bai dawo ba, ba a kuma kawo labarin mutuwarsa ba. Inna Dije a gaba take zama. Ana dariya ba ta yi, ana salati ba ta yi. Sai an tashi muna naɗe kaya ta kira ni.

"'Yar nan, ina ya kwana yau?"

Ranar fari na ce, "Inna, ai Mato zane ne."

Ta ce, "Na sani. Ina ya kwana?"

Na ce a rumfar wani mai kifi, an ba shi tabarma. Ta gyaɗa kai. Daga nan ya zama al'ada. Wata rana ta ce in faɗa masa ya daina shan ruwan rafi. Wata rana ta ba ni dakuwa a ƙulle a ganye, wai guzurinsa. Laraba ke cinyewa a hanya, tana tauna tana cewa da muryar Mato, "Allah ya saka wa Inna, amma a ƙara yaji." Haka muka yi shekaru.

Sai mummunar shekara ta zo. Ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka, dawa ta tashi ta yi ciki, sai sama ta ɗauke. Mutane suka yi ta kallon gabas. Suna ya koma fatiha da goro, biki ya koma na 'yan gida. Wanda ke auna abin da zai dafa ba ya ba da hatsi don ya kalli inuwa. Kananzir ya yi wuya. Kafintan nan aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san ni ba, bai kuma so ya san ni ba. Kira ya ragu har ya zama gidajen da ke bin Mato ne kaɗai ke aiko mana, don su sun riga sun shiga, ba su iya fita.

A cikin haka ne, wata la'asar muna kwarin da ke tsakanin Daurawa da Tarauni, ni da akwati a ka, Laraba da kwandon gilasai, wani sa ya tsinke igiya ya yo kanmu. Laraba ta goce, gammo ya zame, kwando ya sauka a kan dutse. Muka durƙusa muna buɗe tsummoki ɗaya bayan ɗaya. Kogi ya tafi. Jirgi ya tafi. Kasuwa, da garin da ba a jin Hausa, da san kansa, duk sun zama tsaki. Biyu suka tsira. Ɗaya mai hanya da itatuwa, shi ma ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, in ruwa ya taɓa shi zai rabu. Ɗayan kuwa Mato ne, ko ƙwarzane babu.

Da waɗannan biyun muka ci gaba. Mato na tafiya a hanya ɗaya, itatuwa ɗaya, tsagar gilashi ta ratsa sama kamar walƙiyar da ta ƙi wucewa. Sauran duk bakin Laraba ne. Ita za ta ce ga kogi, a ga kogi.

Wata rana bayan mun gama a gidan Inna Dije, sai Ramatu, matar maigidan, ta ja ni madafa. Ta rage murya ta ce, "Asabe, yanar ido ta kama Inna. Na dama ya rufe, na hagu saura kaɗan. Jiya ta kira ni da sunan 'yata. Ku dawo da shi gida tun tana iya gani."

Na ce, "A bari a yi girbi mana, in samu gilashi."

Ta ce, "Wane girbi? Idon ma ba zai kai ba. Kuma ba ƙeyarsa za ki nuna mata ba, ta gaji da kallon ƙeya. Fuska za ta gani."

Ta sa yatsa a fuskarta ta nuna mini tsagar gidansu, uku-uku a gefen baki. Ta ce shi Sule yana da ƙari, wata 'yar gajeriya a kumatun hagu, inda askar wanzami ta goce.

A hanya Laraba ba ta bari mun kai tsamiya ba. Ta ce, "Yaya, ina fata ba ki amsa ba. In ya dawo me za mu nuna? Shi kaɗai ne ya rage ana kiranmu dominsa. Kuma a kan me za ki zana fuskar, a tafin hannunki?"

Na ce, "A kan gilashinsa."

Ta tsaya cak. Ta ce, "Ki wanke Mato?"

Na ce, "Mu je wurin Mama."

Mun sami Mama a zaune a bakin ƙofa, ƙafafu a kumbure a kan 'yar kujera. Na faɗa mata duka, ban rage ba.

Ta ce, "Na ce miki kada ki dawo da shi."

Na ce, "Kin ce, Mama."

"Tsohuwar, idon nata zai kai ki samu wani gilashi?"

"An ce ba zai kai ba."

Laraba ta ce, "Mama, ki faɗa mata gaskiya. Tuwonmu za ta wanke."

Mama ta ce, "Tuwonku ne, ai ta sani." Ta miƙo hannu na ba ta gilashin. Ta ɗaga shi wajen haske, hannun na rawa, Mato na rawa. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce a miƙo mata ruwa da tsumma. Ta ce, "Ni na fitar da shi daga gida, ni zan sallame shi." Ta jiƙa tsumma ta goge. Malfa ta fara tafiya, sannan sanda, sannan kafaɗar nan mai sauka. Ruwan kwano ya yi baƙi. Laraba ta tashi ta fita waje.

A ranar Mama ta koya mini abu na ƙarshe. Ta ce tunda ba ni da hanya mai kyau da zai taho a kai, to in sa shi ya taho da ƙafata. In ka riƙe akwati kusa da alawayyo, hoto ƙarami ne, kamar mutum can nesa. In kana ja da baya kana gyara ido, sai ya yi ta girma, kamar yana nufo mai kallo. Ta ce, "Akwatin zai yi zafi. Ki naɗe hannunki. Kuma kada ki waiga."

Saura maigida, mijin Ramatu. Na durƙusa a zaure na ce, "Malam, ina neman izini. Zan yi wa Mato ido."

Ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba. Can ya ce, "Ranar da za ku zo, masallaci zan tafi. Ina jin kuma zan daɗe."

Ban taɓa zana ido ba. Na koma gindin tukwane ina koyo, har matar kawu ta ce ita ta gaji, duk tukunyar da ta ɗaga kallonta take yi. Na farko suka fito kamar na mujiya, na biyu kamar na mai jin barci. Da hannu ya faɗa, na turara gilashin a hankali fiye da yadda na taɓa yi, don in ya tsage babu wani. Na zana shi a tsaye yana fuskantar mai kallo, malfa ta ɗan koma ƙeya, sanda a hannu, burgami a rataye. Na sa tsaga uku-uku. Na sa gajeriyar a kumatu, ina tuna cewa idon akwati juya hoto yake, kada ta fito a dama. Laraba ba ta yi mini magana sosai a kwanakin, amma ina jinta a bayan ɗaki tana gwada abin da Mato zai ce in ya iso, doguwar gaisuwa, da labarin inda ya samu san.

Shi ne aikinmu na ƙarshe da ake kira aiki. Bayansa mun ɗan yi 'yan zane-zane, ba su karɓu ba, akwati ya koma ƙarƙashin gado.

Ranar dawowar Mato mun isa ana kiran magariba. Labari ya riga mu, matan maƙwabta sun shigo ta ƙofar baya, tsakar gida ta cika. Kananzir ɗin da ya rage mana kaɗan ne, na juye shi duka. Na ce a bar mini fili a tsakiya, daga alawayyo har bakin rijiya, kada kowa ya zauna a ciki. Ramatu ta kamo hannun Inna Dije ta zaunar da ita a gaba, a gefen filin. Inna ta sa farin zane da farin mayafi, irin na ranar Juma'a.

Laraba ta fara kaɗa ƙwarya a hankali. Ta ce Mato ya samu sansa, ya sayar a wata kasuwa, ya juyo. Ta ce ya wuce garin da ba a jin Hausa, ya haye kogi, ya hango tsamiyar garinsu. Na naɗe hannuwana da tsumma na ɗauki akwati, na tsaya dab da alawayyo, na buɗe idon akwati. Ga ɗan haske kamar tafin hannu, da mutum a ciki. Na fara ja da baya.

Ya yi ta tahowa. Malfa ta fito. Sanda ta fito. Wata a baya ta ce, "La ilaha illallahu, yana da ido." Laraba ta yi sallama da muryarsa, mata suka amsa gaba ɗaya kamar da mutum suke magana.

Bai kai girman mutum ba, bai wuce yaron da aka yaye ba, sai Inna Dije ta miƙe. Daga inda take haske kawai take gani, ba ta rarrabe komai. Ta shiga filin da na sa aka bari, ta nufi alawayyo hannu a gaba. Ba wanda ya taɓa gaya mata, mu ma ba mu taɓa tunanin faɗa ba, cewa wanda ya shiga tsakanin akwati da bango shi ke tare hoto. Tana matsawa inuwarta na rufe shi. Ta kai ga alawayyo ta shafa, babu komai sai baƙin inuwarta.

Ta ce, "Ina yake? Yanzu na ga haske."

Na tsaya inda nake. Laraba ta bar kiɗa. Hoton da ya rasa bango, sai ya sauka a bayanta, a kan farin mayafi, daga kafaɗa zuwa ƙugu. Fuskarsa a tsakanin kafaɗunta, idanunsa a buɗe suna kallonmu.

Wata ta yunƙura za ta janye ta. Ramatu ta riƙe ta. Ta ce, "Inna, kada ki motsa. Yana bayanki."

"A bayana?"

"A bayanki. Kin goya shi."

Tsohuwar ta ɗan sunkuya, yadda mai goyo ke yi. Ta kai hannu baya ta tallafe. Ta fara jijjigawa a hankali, mayafi na motsi, shi ma yana motsi.

Ta ce, "Ya rame?"

Laraba ta buɗe baki. Duk doguwar gaisuwar nan da ta shirya ba ta fito ba. Da muryarta ta kanta ta ce, "Kaɗan, Inna. Tafiya ce."

"Da tsagarsa?"

Ramatu ta ce, "Da tsagarsa."

"Har ta wanzamin?"

"Har ita."

Ta ce, "To."

Ta ci gaba da jijjiga. Zafin akwati ya ratsa tsumma, na manna gwiwar hannu a cikina don kada ya zame daga bayanta. In ta karkata dama in bi ta, in ta karkata hagu in bi ta. Daga nesa ana jin maza suna fitowa daga masallaci, namu maigidan bai shigo ba. Lagwani ya fara ja, hasken ya fara yin ruwan goro.

Can, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "'Yar nan."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Rage fitilar. Ya yi barci."

Na durƙusa na ajiye akwati a gwiwata, na murɗa lagwani a hankali, har ya tafi. Tsakar gida ta yi duhu. Mata suka janye ƙafafunsu suka ba ta hanya. Ta wuce ta tsakaninsu zuwa ɗakinta, a sunkuye, hannu ɗaya a baya, tana takawa sannu don kada ya farka.